Madubi Biyu da Turmin Atamfa: Bayanin Aikin Bargon Umma

Asabar, 1 ga Nuwamba, 2025

Na buɗe wannan rubutu ne domin in riƙa ajiye bayanin bargon haɗi da na ƙudura ɗinka wa mahaifiyata kafin sanyin hunturu ya kankama. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina ɗinkin zannuwan gado da labule a cikin gida, a nan Gwale cikin Kano, amma ban taɓa gwada irin wannan aiki ba, saboda haka zan rubuta abin da na yi, da abin da ya ɓaci, da abin da na kashe.

Yadda ake yin sa shi ne a yanko alwatika shida daga wuri ɗaya tak na zanen atamfa, a haɗa kawunansu a tsakiya, sai su fitar da fure mai kusurwa shida wanda ko mai zanen atamfar bai san da shi ba. Turawa suna kiran wannan salo da sunan kalaidoskof, wato abin nan mai kama da guntun gora da ake leƙawa a ga launuka suna jujjuyawa, wanda wani masanin kimiyya ɗan ƙasar Sukotland mai suna David Brewster ya ƙirƙiro a 1816. Madubai ne a cikin goran, an jingina su da juna. Idan aka buɗe madubi biyu a kan digiri 90, abu ɗaya yakan zama huɗu. A kan digiri 60 ya zama shida. A kan digiri 45 kuma ya zama takwas. Lissafin dai shi ne a raba 360 da yawan buɗewar.

Amfanin madubin gare ni shi ne in ga furen tun kafin almakashi ya taɓa zane, domin atamfa ta yi tsadar da ba a yanka ta a kan wataƙila.

Litinin, 3 ga Nuwamba

Na je wurin wani mai yanka gilashi, na ce ya yanko mini madubi biyu, kowanne inci 6 a inci 8. Ya ce, "Hajiya, na bango ne ko na durowa?" Da na yi masa bayani sai ya yanko daga wani ragowar madubi mai kaurin milimita 5, ya karɓi naira 3,000. A gida na kifa fuskokinsu a kan juna, na manna tef mai faɗi a gefe ɗaya, suka riƙa buɗewa da rufewa kamar littafi.

Matsala biyu suka bayyana nan take. Ta farko, ba a goge bakin gilashin ba, har ya yanke ni a babban yatsa, kuma da na ja shi a kan wani ƙyalle sai ya tsinke zare biyu. Ta biyu ta fi damuna. Abin da ke haska hoto a madubi yana bayan gilashin ne, ba a fuskarsa ba, don haka a daidai inda madubin biyu suka haɗu akwai tazara gwargwadon kaurin gilashin. Wannan tazara ta fito kamar baƙaƙen layuka da suka ratsa hoton, ta kuma haɗiye tsakiyar furen, alhali tsakiyar ce abin da na fi buƙatar gani.

Laraba, 5 ga Nuwamba

Na sake yanko wasu masu kaurin milimita 3, aka goge bakinsu, naira 3,500. Layukan sun ragu ƙwarai, ko da yake ba su ɓace duka ba. Na ari akwatin lissafin ɗana, na auna digiri 60 da digiri 45, na yanka kwali biyu a kan waɗannan ma'aunai, waɗanda zan riƙa cusawa tsakanin madubin domin buɗewar ta tsaya daidai. Idan buɗewar ta kauce ko da kaɗan ne, yanki na ƙarshe da ke can cikin madubin yakan fito a tsuke ko a karye, kuma da wannan alama nake gane cewa ban daidaita ba.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Yau na shiga Kantin Kwari da madubina a naɗe cikin tsohon ɗankwali. Na yi sammako tun kafin baƙin Nijar da Chadi da Kamaru su cika layukan, domin aikin yana buƙatar mai shago ya yarda a warware masa turmi a shimfiɗa, abin da ba zai yiwu ba idan ciniki ya yi zafi. Wani dattijo da na daɗe ina sayen kaya a wurinsa ya ba ni gefen teburinsa. Da na ɗora madubin a kan wata atamfa mai ganyaye, ya sunkuyo ya leƙa, ya daɗe bai ɗago ba, sannan ya ce, "Hajiya, shekara talatin ina sayar da zane, ban san akwai wannan a cikinsa ba." Ya kira yaransa su ma suka leƙa.

Na duba atamfa goma sha huɗu, kuma abin da na koya ya saɓa wa abin da na zata. Waɗanda suka fi kyau a ido, masu ƙananan furanni a jere, su ne suka fi rashin amfani, domin duk inda na matsar da madubin abu ɗaya nake gani. Masu manyan zane da fili mai yawa a tsakani su ma ba su yi ba, saboda rabin wuraren da na gwada launi ɗaya ne fayau babu komai a ciki. Waɗanda suka ba da mamaki su ne masu zane babba mai lanƙwasa, launi huɗu ko biyar, inda haske da duhu suke cuɗanya, irin waɗanda da yawa daga cikinmu za su ce sun yi hayaniya da yawa a ɗinka riga. Da na ja madubin a hankali a kan irin waɗannan, duk inci ɗaya sai wani sabon fure ya buɗe, wani kamar tauraro, wani kamar faifai, wani kamar dagi.

Abu na biyu da na auna shi ne maimaicin zane, wato tsawon da ake tafiya kafin hoton ya sake dawowa. Ina buƙatar maimaici shida cif, domin za a shimfiɗa su ɗaya kan ɗaya a yanka su tare. Turmi yadi shida ne, inci 216. Wadda ta fi shiga raina, mai ruwan goro da kore, maimaicinta inci 36 ne, wanda ke nufin turmin gaba ɗaya zai tafi, kuma idan an ɗan karkace wajen yanke bakinsa na shidan ba zai cika ba. Akwai wata mai shuɗi da ruwan ƙwai da ja mai duhu wadda maimaicinta inci 24 ne. Shida za su ci inci 144, a bar mini inci 72 na yin gefe.

Ban saya ba tukuna. Ina so in fara gwaji da ragowar ƙyallayen da ke gida.

Talata, 11 ga Nuwamba

Gwajin bai yi kyau ba, kuma zan rubuta shi dalla-dalla domin shi ne ginshiƙin aikin duka.

Na ɗauki ragowar wani yadin labule mai zanen reshe, na sami wurin da madubi ya nuna mini fure mai kyau, ganyaye shida suna fuskantar juna bibbiyu kamar tafukan hannu. Na yanko alwatika shida daga wuri iri ɗaya, na ɗinka. Abin da ya fito ba shi ne na gani ba. Ganyayen duk sun karkata gefe ɗaya suna bin juna kamar fukafukan fanka. Ba mummuna ba ne, amma wani fure ne daban. Na zaci kuskuren jeri na yi, na farke, na sake ɗinkawa, abu ɗaya ya sake fitowa.

Sai bayan sallar isha'i, da na zauna da madubin ina duban hannuna a ciki, na gane dalili. Madubi yana juya dama ta koma hagu. Daga cikin yanki shida da nake gani, uku ne kawai suke daidai da zanen da ke kan tebur, sauran ukun juyayyu ne, kuma suna jere ɗaya bayan ɗaya: daidai, juyayye, daidai, juyayye. Su kuwa alwatikan da na yanka duk fuska ɗaya gare su, babu juyayye ko ɗaya, don haka zagayawa kawai suke yi. Madubin ba zai nuna ainihin abin da za a samu ba sai idan hoton da ke cikin alwatikan ya zama damansa da hagunsa iri ɗaya ne, wanda ba kasafai ake samu ba. In ba haka ba, abin da zai faɗa maka gaskiya a kai shi ne launi da yawan haske kawai.

Kuskure na biyu da gwajin ya tona shi ne na izinin ɗinki. A tsakiyar furen da na gani akwai ɗan jan ɗigo, amma bayan ɗinki ya ɓace. Na ɗora madubin ne a kan layin yanka, alhali ya kamata ya zauna a kan layin ɗinki. Kwatan inci da ake bari a kowane gefe, idan ya zo kan tsinin alwatika mai digiri 60, rabin inci cur yake cinyewa daga tsinin. Ɗigon yana cikin wannan rabin incin.

Laraba, 12 ga Nuwamba

Alhamdu lillahi, an sami mafita, kuma daga atamfar kanta ta fito. Da safe ina guga, yarinyar da ke koyon ɗinki a wurina ta ɗauko wani ƙyalle ta ce, "Anti, wanne ne gaban wannan?" Na juya shi sau biyu kafin in iya ba ta amsa, kuma a nan tunanin ya zo mini. Yadin labulen da na yi gwaji da shi fuska ɗaya gare shi, bayansa fari ne. Atamfa ta ainihi kuwa gaba da baya ake buga ta. Asalin sana'ar daga rinin batik na mutanen tsibirin Jaba a Indonesiya aka kwaikwayo ta, inda ake shafa kakin zuma a wuraren da ba a son rini ya kama; masana'antun Holan, irin su Vlisco da aka kafa a garin Helmond a 1846, suka mayar da ita aikin inji, ana buga kakin a fuska biyu kafin a tsoma zanen a rini. Bayan irin wannan atamfa shi ne hoton gabanta a juye, wato daidai abin da madubi yake yi.

Na yanko alwatika shida daga ragowar wata atamfa mai ƙaramin maimaici, na kifa uku, na jera su ɗaya a buɗe ɗaya a kife. Na ɗinka, na ajiye furen kusa da madubin. Babu bambanci tsakaninsu. Na daɗe ina dubansu.

Na kuma yanka ma'auni daga bangon fayil na roba mai haske, na zana layin yanka da layin ɗinki a jikinsa, domin daga yau madubin a kan layin ciki zai riƙa zama.

Asabar, 15 ga Nuwamba

Na koma Kwari, wannan karon bayan zane nake dubawa kafin gabansa. Daga cikin goma sha huɗun da na gani a baya, tara bayansu ya koɗe sosai, wasu ma kusan fari. Mai shuɗi da ruwan ƙwan nan na fitar da ita bakin ƙofa, na naɗo gefenta a kan gabanta a cikin rana. Shuɗin iri ɗaya ne, jan ya ɗan fi haske a baya, amma sai an ƙura ido. Na saya naira 24,000.

Ba zan wanke ta kafin yanka ba, domin wanki yana sa zane ya ja ba daidai ba, maimaicin su daina hawa kan juna. Na yanki ɗan guntu na jiƙa a ruwan ɗumi tare da farin ƙyalle har awa biyu, bai zuba ba.

Talata, 18 ga Nuwamba

Almakashi ba zai iya cin shimfiɗa shida ba tare da ya tura na ƙasa ba. Wuƙar yanka zane mai kama da taya, da tabarmarta ta roba, da rula mai faɗi, waɗanda na yi oda daga Legas, sun iso yau. Kuɗinsu naira 21,000, na mota 3,000.

Alhamis, 20 ga Nuwamba

Na yanka maimaici shida, na fesa musu sitaci na goge, ina dannawa ba tare da jan dutsen gugar ba. Jera su ya ci mini yini guda. Hanyar ita ce a zaɓi wani tsini a cikin zanen, a soka fil a kansa, a ɗaga shimfiɗar a nemi wannan tsini a ta biyu, haka har ta shida, sannan a tsayar da fil ɗin a miƙe, a ɗaure wurin da zare. Na yi haka a wuri goma sha biyu.

A nan na lura da wani hali na atamfa da madubi ba ya nunawa. Tsattsagen layukan nan da ɗigogin da kaki ke bari ba sa maimaituwa, kowace shimfiɗa da nata, kuma launin da aka ɗora daga baya yakan ɗan zarce layinsa a wata shimfiɗar ya kasa kaiwa a wata. Saboda haka baƙin layin zanen kaɗai na bi wajen soka fil, ban bi bakin launi ba.

Asabar, 22 ga Nuwamba

Na fara yanka. Kowane ɗauri, wato dogon yankin da ake cirowa daga shimfiɗa shidan gaba ɗaya, faɗinsa inci 3¾ ne, wanda bayan ɗinki zai bar alwatika mai tsayin inci 3. Daga inci 24 ɗauri shida suke fita, kuma faɗin atamfar, bayan an cire bakinta mai rubutu, inci 44 ne, yana ba da alwatika 19 a kowane ɗauri. Jimilla fure 114.

A ɗaurin farko na yi asara. Na cire zaren ɗaurin da ke kusa da gefe domin rula ta kwanta sosai, kuma ban ankara ba shimfiɗa ta huɗu ta zame da kimanin kashi ɗaya cikin takwas na inci. Sai da na yanka biyar na buɗe ɗaya in duba, na ga layin da ya kamata ya zagaye furen ya karye a wuri biyu. A irin ɗinkin da alwatikai ke bin juna kamar fanka, wannan ɗan kaucewa ba zai fito sosai ba, amma a nawa, inda kowane layi dole ya haɗu da ɗan'uwansa a bakin ɗinki, ido yana kama shi daga nesa. Na tsaya, na sake jera ragowar ɗaurin da fil kowane inci huɗu. Biyar ɗin na ware su a leda.

Wani abin da na gane shi ne cewa da wannan hanyar yanka ba ni nake zaɓar inda kowane alwatika zai faɗa ba, rula ce take bi a jere. Zaɓin da ya rage mini shi ne na tsini: kowane alwatika tsini uku gare shi, kowanne kuma idan ya shiga tsakiya fure daban yake bayarwa. Nan madubin ya fi yi mini aiki. Ina ɗora shi a kan tsini na farko, na biyu, na uku, in zaɓi wanda ya fi, in ɗiga alli a kansa. Da babu madubin sai na jera guda shida sau uku a kowane fure.

Litinin 24 zuwa Alhamis 27 ga Nuwamba

Yanka ya ƙare. Ina ɗinka fure goma sha biyu zuwa sha biyar a rana bayan na sallami aikin mutane. Rabi-rabi nake haɗa su, alwatika uku a nan uku a can, in maƙale rabin biyu da fil ba tare da na ɗinke su ba, domin daga baya a ɗinka bargon a miƙaƙƙun layuka.

Asabar, 29 ga Nuwamba

Fure tara sun kumbura a tsakiya kamar hula, sun ƙi kwanciya. Dalilin shi ne gefe biyu na kowane alwatika a karkace aka yanka su, ba a kan tsayuwar zare ba, kuma irin wannan gefe yana miƙewa da zarar an ja shi. Taran nan duk na ranar Alhamis ne, ranar da babu wuta na yi guga da dutsen gawayi, wanda nauyinsa ya sa na riƙa turawa maimakon dannawa. Na farke su, na yayyafa ruwa, na bar su suka bushe a shimfiɗe, na sake sa sitaci. Bakwai sun dawo daidai. Biyu sun ɗan rage kumburi, ina fata ɗinkin ƙarshe zai kwantar da su. Na kuma rage matsin ƙafar keke, na daina riƙe zanen ta baya yayin da yake wucewa. Daga yanzu ina buɗe izinin ɗinkin biyu in goge, domin a tsakiyar fure ɗinki shida ne suke taruwa, idan aka kwantar da su gefe ɗaya sai su yi ƙulli.

Laraba, 3 ga Disamba

Na kafa tsohon bargo a bangon ɗaki, na manna furannin a jiki. Tsarin layi 18 ne, kowanne faɗin inci 3, kowanne da rabin fure 12, wato fure 108. Layin farko da na ƙarshe suna buƙatar rabi-rabi guda 12 a bakinsu, sai na ɗauko biyar ɗin nan da suka lalace. Tun da shimfiɗa ɗaya ce ta zame, rabi ɗaya na kowanne lafiyarsa lau, kuma na yi amfani da su a can.

Umma ta zo da yamma. Ba ta san nata ba ne. Ta tsaya a gaban bangon ta ce, "Wannan ai fayafayan kakarki ne, irin waɗanda take jerawa a bango." Ta tambaye ni atamfa nawa na yanka, na ce ɗaya, ba ta yarda ba sai da na ɗauko ragowar turmin na ɗora mata madubin ta gani da idonta. Ita ce ta ba da shawarar a tara masu ruwan ƙwai a tsakiya, masu shuɗi su kewaye su, masu jan su gangara daga kusurwa ɗaya zuwa ɗaya. Na bi shawararta, ta fi tsarin da na fara, wanda na warwatsa launukan ko'ina har ido ya rasa inda zai sauka.

Asabar, 6 ga Disamba

Ina son siririn layi mai duhu tsakanin furannin da gefen bargon, kuma ban sami shuɗin da ya dace da na atamfar ba sai a marinar Ƙofar Mata, inda har yanzu ake rini da baba da toka a cikin rijiyoyi. Na tafi da fure ɗaya a jaka na gwada a kan zannuwan da aka shanya. Na sayi yadi biyu, naira 7,000. Halin shuni ne ya zuba a wankin farko, don haka shi kam dole a wanke shi kafin ya kusanci ruwan ƙwan nan. Na ɗauraye shi sau biyar kafin ruwan ya fito fari, na kuma goga farin ƙyalle a jikinsa bayan ya bushe.

Laraba, 10 ga Disamba

An haɗa layuka 18. Layi na bakwai na ɗinka shi kai a ƙasa, na farke. Daga nan na manna lamba a saman kowane layi.

Asabar, 13 ga Disamba

Na daidaita baki na sama da na ƙasa, tsakiyar ta tsaya a inci 54 a inci 60. Na sa shunin inci 2, sannan ragowar atamfar inci 5 a kewaye, ba a yayyanka ba, domin mai kallo ya ga zanen da furannin suka fito daga cikinsa. A kusurwoyi na sake amfani da madubi, guda ɗaya kawai, na tsayar da shi a karkace a kan digiri 45 ina ja har na sami inda zanen zai juya kwana da kyau. Girman yanzu inci 68 a inci 74.

Laraba, 17 ga Disamba

Na sayo yadi 4½ na baya, naira 9,000, da faiba siririya ta sakawa a tsakanin gaba da baya, naira 6,000. Na ƙi mai kauri irin ta manyan barguna, domin za ta kumbura furannin ta ɓata layukansu, kuma za ta yi wa Umma nauyi wajen wanki. Mun shimfiɗa uku a tsakar ɗaki ni da yarinyata, muka kama su da dogon ɗinkin hannu daga tsakiya zuwa waje. Ƙurar hunturu ta fara sauka sosai, sai an rufe tagogi ake aikin.

Asabar, 20 ga Disamba

Ina ɗinkin ƙarshe da keke, ina bin ramin ɗinkin da ke ratsa furannin da zare mai ruwan toka. Layukan tsaye sun ƙare, saura na karkace ta ɓangare biyu, sannan naɗin baki da ragowar shunin. Fure biyun da suka kumbura, ɗaya ya kwanta, ɗayan yana da ɗan tattara a gefen hagu wanda na bari haka. Idan Allah ya yarda zan kai wa Umma ranar Juma'a mai zuwa.

Abin da na kashe zuwa yau naira 80,800 ne. Daga ciki 31,300 kayan aiki ne da za su zauna, wato madubai da tef na 800 da wuƙa da tabarmarta da rula da kuɗin kawo su, har da madubin farko da ban yi amfani da shi ba. Sauran 49,500 su ne atamfa, shuni, yadin baya, faiba, zare da fil na 2,500, da sitaci na 1,000. Ban sa kuɗin mota zuwa kasuwa ba.

Aiki na gaba mai yanki takwas ne a kan digiri 45. Yana buƙatar maimaici takwas, don haka atamfar da maimaicinta ya wuce inci 27 ba za ta isa daga turmi ɗaya ba, kuma alwatikansa tsini ɗaya kaɗai ke shiga tsakiya, babu zaɓi uku irin na wannan. Ke nan sai an gama zaɓen tun a kasuwa. Dattijon nan na Kwari ya aiko mini cewa sabon kaya zai sauka bayan sabuwar shekara, kuma ya ce in zo da madubin da kwalin digiri 45.